Ido Ba Mudu Ba Ne, Kuma Ba Ya Karanta Biza

Sau biyu na karanta maƙalar da Alhaji ya rubuta a fitowar da ta gabata kan ɗaukar ma'aikata a Birtaniya. Karon farko a cikin bas ne, ina dawowa daga aiki, na yi ta gyaɗa kai, don duk abin da ya faɗa game da tsoron tara gaskiya ne. Karo na biyu bayan isha'i ne, da biro a hannu, a nan na ga shiru ba nawa ba ne. Alhaji ya girme ni, ya riga ni zuwa ƙasar nan da shekaru masu yawa, kuma shagonsa ya rufa wa 'yan uwa da dama asiri lokacin da suka sauka ba su san kowa ba. Saboda haka ba raini ya sa na ɗauki alƙalami ba. Shawarar da ya bayar ce nake ganin duk wanda ya bi ta, sai ta kai shi ta baro.

Ga abin da ya ce, ga wanda bai karanta ba. Ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da lauya, ba shi da ofishin kula da ma'aikata, ba shi da lokacin binciken takardun duk wanda ya shigo neman aiki. Don haka, a cewarsa, hankali shi ne mutum ya tsananta bincike a kan wanda kamanninsa ko harshensa ko sunansa ya nuna baƙo ne, ya bar wanda kowa ya gan shi ya san ɗan ƙasa ne. In kuma ana son kwanciyar hankali gaba ɗaya, a fifita mai fasfon Birtaniya. Ya kafa hujja da karin maganar nan ta ido ba mudu ba amma ya san ƙima, ya ƙara da cewa shi baƙar fata ne, musulmi, ɗan Najeriya, ba mai iya ce masa yana wariyar launin fata.

Bari in fara da inda muka yi tarayya. Tsoron ba na wasa ba ne. Tun dokar 1996 aka ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin tabbatar da cewa ma'aikacinsa yana da izinin aiki. Dokar 2006 ta kawo tarar da Ma'aikatar Cikin Gida ke yankawa ba sai an je gaban alƙali ba, aka fara aiki da ita a 2008 da fam 10,000 kan kowane ma'aikaci. A 2014 ta kai fam 20,000. Daga 13 ga Fabrairu 2024 kuwa, laifin farko zai iya kai fam 45,000 kan mutum ɗaya, in an sake fam 60,000. Wanda kuma ya ɗauki mutum yana sane, ko yana da dalilin da zai sa ya san ba shi da izini, dokar 2016 ta ce zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara biyar. Mai gidan abinci da ke da ma'aikata shida, in aka kama biyu, ai sai rufe ƙofa. Ni kaina aikina ke nan, shekara takwas ina riƙe da fayil-fayil na ma'aikata a wani kamfanin kula da tsofaffi, kuma ranar da na ji sabuwar tarar sai da na koma na sake buɗe kowane fayil.

Amma tambayar da Alhaji bai yi ba ita ce: me ke kare mutum daga wannan tara? Ba zato ba ne, ba kuma kaifin ido ba. Doka ta ba da kariya ɗaya tak, ita ce ka nuna ka yi binciken da aka tsara kafin mutum ya fara aiki, ka ajiye shaida, ka rubuta ranar da ka yi. In ka yi haka, ko da daga baya ta bayyana takardar jabu ce irin wadda mai hankali ba zai gane ba, ba za a ci ka tara ba. In ba ka yi ba, ba ka da abin faɗa. Jami'in shige da fice ba zai karɓi "ai na ga Bature ne" a matsayin uzuri ba. Ke nan duk wanda Alhaji ya ɗaga wa ƙafa don fatarsa fara ce ko Turancinsa na Landan ne, rami ne ya bari a buɗe a tsakiyar shagonsa.

Kuma ido yana kuskure ta ɓangare biyu. Shekara biyu da suka wuce wani saurayi ya zo mana neman aikin dare, fari sol, dogo, Turanci kamar an haife shi a bakin kogin Temz. Da na ce ya ba ni shaidar izinin aiki sai ya yi dariya, ya ce ba a taɓa tambayarsa ba a wurare uku da ya yi aiki. Ɗan wata ƙasa ne ta rainon Ingila, ya shigo da bizar matasa mai wa'adi, kuma wa'adin ya cika wata huɗu kafin ranar. Wurare ukun nan ido suka yi aiki da shi. A makon ne kuma wata baiwar Allah 'yar asalin Somaliya, da hijabinta har ƙasa, Turancinta da ƙyar, ta ajiye min fasfon Birtaniya a kan tebur. Da Alhaji ne a kujerata, ita zai tsare da tambayoyi, shi kuma ya ba shi makullin kanti.

Abin ya ma fi haka rikitarwa. Tun da aka kawo ƙarshen shige da fice kyauta tsakanin Birtaniya da Tarayyar Turai a ƙarshen 2020, Bafaranshe da ɗan Poland da ɗan Romaniya duk sai sun nuna izininsu, fasfonsu kaɗai bai isa ba daga 1 ga Yuli 2021. Ɗan Ireland kuwa ba ya buƙatar biza. Sannan tun 1 ga Janairu 1983, haihuwa a Birtaniya kaɗai ba ta mayar da yaro ɗan ƙasa, sai an duba matsayin iyayensa. Akwai yaran da aka haifa a Birmingham, ba su taɓa hawa jirgin sama ba, amma ba 'yan ƙasa ba ne a takarda. Wane ido ne zai karanta wannan a goshin mutum?

Maganar lokaci kuma, da ita ce ƙashin bayan hujjarsa, ban yarda da ita ba, don na san tsawon abin. Wanda yake da biza yana shiga shafin gwamnati ya ciro lamba mai haruffa da alƙaluma tara, tana aiki kwana 90. Ka shigar da ita da ranar haihuwarsa, hotonsa ya fito tare da irin aikin da aka yarda ya yi da ranar da izininsa zai ƙare. Ka dubi hoton, ka dubi mutumin, ka adana shafin. Shayin da ka zuba bai huce ba ka gama. In ɗalibi ne za ka ga an rubuta iyakar awanninsa, yawanci 20 a mako lokacin karatu ga masu digiri, sai ka nemi jadawalin zangon makarantarsa. Ɗan ƙasa kuma ka karɓi fasfonsa a hannu, ko da ya ƙare, ka kwafa, ka sa kwanan wata. Kwafin zai zauna a wurinka muddin yana aiki da ƙarin shekara biyu bayan ya tafi. Shagon da ke ɗaukar mutum goma a shekara, wannan duka bai kai awa biyu ba. Abin da ke cin lokaci shi ne tsayawa ana auna fuska, ana tunanin wa za a tambaya, wa za a ji kunyar tambaya.

Na ce kunya, don ina jin a nan gizo yake saƙa. Da yawanmu nauyin Bature muke ji. Tambayar ɗan Gana takarda ba ta yi mana wuya, amma mu dubi dattijuwa Baturiya mu ce ta kawo shaidar tana da izinin aiki a ƙasar kakanninta, sai baki ya yi nauyi. Na taɓa yi. Matar ta kusa shekara sittin, ta zo neman aikin girki, ta dube ni sama da ƙasa ta ce a asibitin da ke bayan layin nan aka haife ta. Na ce mata na yarda, amma manajanmu ma sai da ya kawo nasa. Ba ta da fasfo, ba ta taɓa fita waje ba. Washegari ta dawo da takardar haihuwarta a cikin tsohon gwangwanin biskit, duk ta yi ja a wurin ninki, tare da wasiƙar hukumar haraji mai ɗauke da lambar inshorarta ta ƙasa. Biyun nan tare doka ta karɓe su. Muka kwafa, ta fara aiki Litinin, har yau muna gaisawa.

Wannan mata ita ce amsata ga shawarar fifita mai fasfon Birtaniya. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum kusan miliyan 8 a Ingila da Wales ba su da fasfo ko na wace ƙasa. Sharaɗin fasfo zai kori waɗannan, ya kori mai izinin zama na dindindin da ya shekara ashirin yana biyan haraji, ya kori ɗan gudun hijirar da gwamnati da kanta ta ba shi izinin aiki. Kuma haramun ne a doka. Dokar Daidaito ta 2010 ta hana wariya a kan launin fata da ƙasar da mutum yake ɗanta da asalin ƙabilarsa, kuma tana kare mai neman aiki tun kafin a ɗauke shi. Ita kanta Ma'aikatar Cikin Gida, mai yanka tarar, ta fitar da ƙa'idar aiki da ke cewa a binciki kowa a mataki ɗaya, kada a yi zato daga launi ko karin harshe ko tsawon zaman mutum a ƙasar, kada kuma a wulaƙanta mai izini na wucin gadi don nasa yana da wa'adi. Kotun ma'aikata tana duba wannan ƙa'ida in an kawo ƙara. Diyyar wariya kuwa ba ta da iyaka a sama. Wanda ya bi Alhaji gudun gara ya yi, ya faɗa gidan zago.

Kada a ce ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ke wannan tuntuɓe. A 2009 kotun ɗaukaka ƙarar ma'aikata ta yanke hukunci kan kamfanin lauyoyi na Osborne Clarke, wanda ya ƙi duba takardar wani ɗan Indiya mai suna Purohit da ya nemi gurbin horo, saboda tsarinsu shi ne ba sa karɓar wanda zai buƙaci izinin aiki. Kotu ta ce wariya ce a fakaice: a fara auna cancantar mutum, maganar izini ta zo daga baya. Lauyoyi ne fa, da ɗakin karatu cike da littattafan shari'a.

Yanzu ga wurin da Alhaji zai iya kama ni, gara in kama kaina. Zai ce: to, binciken kowa da kowa ɗin ai shi ya haifar da abin kunyar Windrush. Akwai gaskiya a ciki. Mutanen da suka zo daga Karibiyan da sauran ƙasashen rainon Ingila tun daga 1948, lokacin da jirgin ruwan Empire Windrush ya tsaya a Tilbury, dokar 1971 ta ba waɗanda ke zaune kafin 1 ga Janairu 1973 damar zama har abada, amma ba a ba su wata takarda ba. Katunan saukarsu ma an lalata su a 2010. Da Theresa May, ministar cikin gida ta lokacin, ta ayyana a 2012 cewa za ta sa zaman marasa izini ya yi ɗaci, sai aka fara tambayar tsofaffin da suka zo suna yara shaidar da ba a taɓa ba su ba. Michael Braithwaite ya zo daga Barbados a 1961 yana ɗan shekara tara, ya yi fiye da shekara goma sha biyar yana taimakon malamai a wata firamare a arewacin Landan, ya rasa aikinsa a 2017. Wasu an tsare su, wasu an kore su daga ƙasar. Da jaridar Guardian ta tona, Amber Rudd ta sauka daga muƙamin ministar cikin gida a Afrilu 2018, rahoton binciken Wendy Williams kan lamarin kuma ya fito a Maris 2020.

Amma a dubi abin da ya cuce su da kyau. Ba tambayar ce ta kore su daga aiki ba, abin da ya biyo bayan tambayar ne. Mai aiki ya ga baƙar fata ba takarda, sai ya yanke cewa ba izini, alhali rashin takarda daban, rashin izini daban. Shari'ar Baker da kamfanin bas na Abellio a 2017 ta nuna haka ƙarara. Direba ne ɗan asalin Jamaika da ya tashi a Birtaniya tun yana yaro, kamfanin da kansa ya yarda yana da haƙƙin aiki, amma ya sallame shi don bai kawo takardun da ake so ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba za a fake da cewa ci gaba da aikinsa ya saɓa doka ba, tunda bai saɓa ba. Kuma akwai hanya ga irin wannan. Ma'aikatar Cikin Gida tana da sashen da mai ɗaukar aiki zai tura wa tambaya kan wanda takardarsa take hannun hukuma ko ya daɗe a ƙasar ba shaida, suna ƙoƙarin amsawa cikin kwanakin aiki biyar, in amsar ta zo da eh tana kare ka wata shida. Mutum nawa a cikinmu suka nemi sabunta biza a kan lokaci, doka ta tsawaita musu izini har a yanke hukunci, amma aka ce su zauna a gida don mai shago bai san da wannan ba? Darasin Windrush haƙuri ne da bin hanya, ba ƙara wa ido iko ba. Da tsarin Alhaji aka bi a lokacin, da su Braithwaite kaɗai za a tambaya.

Amurka ta riga ta gwada irin wannan doka, ta ga sakamako. A 1986 ta kafa dokar hukunta masu ɗaukar marasa izini, da wani fom da kowane sabon ma'aikaci ke cikewa. A 1990 ofishin binciken majalisarsu ya gano kusan kashi 19 cikin ɗari na masu ɗaukar aiki sun fara wani nau'in wariya saboda tsoron dokar: wasu sun daina ɗaukar mai kama da baƙo, wasu sun koma 'yan ƙasa zalla. A shekarar aka ƙara wa dokar sashen da ya hana a nemi takardu fiye da waɗanda aka tsara. Masu ɗaukar aikin nan ma ba ƙiyayya suka ce suna yi ba, rigakafi suka kira shi.

Shi ya sa hujjar "ni ma baƙi ne" ba ta tsaya min ba. Ban ce Alhaji yana ƙin kowa ba, na san ba ya yi. Amma doka ba zuciya take dubawa ba, abin da aka yi wa mutum take dubawa, kuma wanda aka yi wa ɗin bai damu da launin hannun da ya tura shi baya ba. 'Yar yayana a nan aka haife ta, ubanta yana da izinin dindindin tun kafin ta zo duniya, Hausarta ma sai a hankali. Bara ita da ƙawarta Baturiya, ajinsu ɗaya, suka je neman aikin hutu a wani kanti. Aka ba ƙawar fom aka ce ta zo Asabar. Ita kuwa aka ce ta kawo fasfo da biza, sannan aka tambaye ta asalinta daga ina. Ta ce Leicester. Aka ce a'a, asali dai. Ta dawo gida ba ta yi kuka ba, ta shiga ɗaki ta rufe, da daddare ta tambayi uwarta ko za ta iya rubuta sunanta na tsakiya a takardar neman aiki maimakon na farko. Mai kantin nan ba Bature ba ne. Baƙo ne kamar mu, kuma na tabbata in aka tambaye shi zai ce tara yake tsoro.

Mu Hausawa ma bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Wanda kakansa ya zauna a Zangon Kumasi ya san abin da ya faru a 1969, lokacin da gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, aka riƙa gane baƙo da suna da riga. Wanda ya nemi aikin gwamnati a jihar da aka haife shi aka ce ya kawo takardar shaidar asali daga garin da bai taɓa kwana ba, shi ma ya sani. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Inda zan tsaya tare da Alhaji kafaɗa da kafaɗa shi ne a kan gwamnati. Ita ta mayar da mai shago da mai gidan haya jami'an shige da fice ba albashi ba horo. A 2019 babbar kotu ta ce tsarin binciken masu neman hayar gida yana jawo wariya, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2020 duk da ta yarda wasu masu gidaje suna nuna bambanci saboda tsarin. Ƙa'idojin kuma ba sa zama wuri ɗaya: katin zama da muka saba riƙewa an daina karɓarsa a hannu tun Afrilu 2022, yanzu komai ya koma intanet, dattijon da bai iya waya ba sai ya nemi jika. In Alhaji zai rubuta wa ɗan majalisar mazaɓarsa kan wannan, ni zan fara sa hannu. Amma a sauke haushin a kan yarinya mai ɗankwali da ta zo neman aikin jera kaya, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Alhaji, a ofishinmu takarda ɗaya ce, shafi guda. A samanta an rubuta cewa duk wanda aka yi wa tayin aiki, ko wane ne, zai nuna shaidar izini kafin ranar farawa, ga jerin abin da ake karɓa, shi zai zaɓi wanda zai kawo. A ƙasa akwai gurbin kwanan wata da na sa hannun wanda ya duba, da wani ƙaramin gurbi na ranar da za a sake dubawa in izinin mai wa'adi ne. Ba a tambaya a lokacin ganawa, sai an zaɓi mutum. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan biyo ta shago sayen garin tuwo da daddawa, zan taho maka da kwafi. In ka yarda mu zauna bayan la'asar mu bi fayil ɗin yaranka ɗaya bayan ɗaya, mu fara da na Baturen nan mai tuƙa maka motar kaya.